Uwargida, Rage Hannu Kaɗan A Tukunya

 

Uwargida, yau da tambaya zan fara, amma ba sai kin amsa da ƙarfi ba. Jiya da dare da kika kaɗa miya, dunƙulen magi nawa kika ɓare? Gishirin da kika zuba kuwa, da cokali kika auna ko da tafin hannu? In kin ce ba ki tuna ba, to, ba ke kaɗai ba ce. Galibinmu hannu ne ke yi mana awo, ido kuma yana kan yaro ko kan wuta.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne abin da na gani a gidan wata 'yar uwata. Maigidanta ya je asibiti saboda ciwon kai, aka auna shi, likita ya ce jininsa ya hau, ya rubuta masa magani, ya kuma ce a rage masa gishiri da mai. Baiwar Allah nan ta tsorata. Ta ware masa 'yar tukunya dabam, ba gishiri, ba magi, ba ko ɗigon mai. Rana ta farko ya ci don kara. Rana ta biyu ya taɓa ya ture. A ta uku sai ga yaro ya shigo da ƙunshin tsire, ga yaji kamar tudu, wai maigida ne ya aike shi. Da girki ya koma ɗakin abokiyar zamanta kuwa, ya ci tuwo har da neman ƙari. Ta zo mini tana hawaye, ta ce ita da ke neman lafiyarsa ita ce ta zama wadda ba ta iya miya ba.

Wannan shi ne tsoron kowace mace, kada mu ɓoye wa juna. Ba wadda ke son a ce miyarta ta yi salam. Don haka ba zan ce miki ki bar tuwo da miyar kuka ki koma cin ganye irin na Turawa ba. Abincinmu na gado ba shi da laifi. Dawa da gero da wake da kuka da kuɓewa duk masu amfani ne. Laifin yana cikin 'yan abubuwan da muke zubawa a kai ba awo, kuma gyaransu ba ya bukatar tukunya biyu. Tukunya ɗaya ce ta gida duka, a rage mata hannu sannu a hankali yadda mai ci ba zai lura ba.

GISHIRI DA DUNƘULE

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya ci gishirin da ya kai giram 5 a yini. Watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan ya haɗa da na koko da ƙosai da safe, da na rana, da na dare, da na gyaɗar da aka tauna a hanya. Na yara ya fi haka ƙanƙanta.

Dalili kuwa shi ne, a cikin gishiri akwai wani sinadari da ake kira sodiyam, wanda ke riƙe ruwa a jiki. In ya yi yawa sai jini ya ƙaru a jijiyoyi, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi, kamar mai tura ruwa cikin matsattsen tiyo. Shekara da shekaru ana haka, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, ko zuciya ta gaza, ko ƙoda ta lalace. Mugun abin shi ne hawan jini ba ya sallama. Mutum yana tafiya garau da shi bai sani ba, ran da ya faɗi a ce iska ce ko sammu.

To, ga inda da yawanmu ke ruɗuwa. Sai mace ta ce ai ita ba ta sa gishiri da yawa, magi take sawa. Uwargida, dunƙulen nan rabinsa ko fiye gishiri ne. Ƙaramin dunƙule nauyinsa wajen giram 4 ne, ke nan kowane ɗaya yana ɗauke da gishiri kamar giram 2. In kin ɓare guda biyar a miya, kin zuba abin da ya ishi manya biyu yini guda, tun ba ki taɓa kwanon gishiri ba. Ga farin magi a kai, shi ma da nasa sodiyam ɗin. Ga yajin da za a barbaɗa a kan tuwo, wanda aka daka da gishiri da dunƙule. Ga taliyar leda da yara ke so, wadda 'yar takardar garin da ke cikinta cike take da gishiri. Ki tara lissafin da kanki.

Yadda za ki yi shi ne, mako na farko kada ki rage kome. Ki dai ajiye ƙaramin cokali cikin kwanon gishiri, ki riƙa aunawa, ki san nawa kike zubawa. Mako na biyu ki janye dunƙule ɗaya daga cikin waɗanda kika saba. Bayan mako biyu ki rage kwatan cokali na gishiri. Haka za ki yi ta yi, kaɗan kaɗan. Harshen ɗan Adam yana sabo. Cikin wata biyu zuwa uku, miyar da dā za a ce ta yi salam ita ce za a ji daidai, in kuma aka ci ta gidan biki a ji ta yi zau. Shawarata kuma kada ki yi shela. Ran da kika ce, "Maigida, yau na rage gishiri," ran nan zai ji babu, ko da ba ki rage ba.

Amma ba a janye abu a bar gurbinsa haka nan. Kakanninmu sun yi miya mai daɗi tun ba a san dunƙule ba, kuma sirrinsu daddawa ce. Ana yin ta da kalwa, watau 'ya'yan ɗorawa, a dafa, a rufe ta kwana biyu ko uku har ta nuna. Akwai kuma daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa. Ita daddawa, bayan ɗanɗano, tana da sinadarin gina jiki irin na wake, abin da dunƙule ba zai ba ki ba. Na san wasu amare na zamani suna toshe hanci, wai ƙauyanci ne. Haba amarya! Warin yana tafiya in kin daka ta da albasa kin sa ta tun farkon sanwa ta dahu sosai. Wadda aka jefa a ƙarshe ita ce ke tashi a miya. Bayan daddawa akwai busasshen kifi, da albasa mai yawa da aka soya sama-sama, da tafarnuwa, da citta, da masoro, da kimba. Ɗan tsami ma yana tayar da ɗanɗano, shi ya sa miyar yakuwa ba ta cin gishiri kamar sauran.

Gishirin da ya rage kike sawa kuwa, ki tabbata na leda ne mai sinadarin aidin. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin cikin gishirin ci, domin rashinsa shi ke kawo maƙoƙo, yana kuma tauye ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Ki adana shi cikin abu mai murfi, nesa da murhu da damshi.

KANWA

A nan zan ɗan daɗe, don na san zan taɓa inda ke da ƙaiƙayi. Kanwa, ko ja ce ko ungurnu, 'yar uwar gishiri ce uwa ɗaya uba ɗaya. Sodiyam ɗin nan da muka ambata shi ne jigonta, ko da yake harshe ba ya jin ta kamar gishiri. Mace za ta rage gishiri saboda maigida, sa'an nan ta tsiyaya ruwan kanwa a wake, a kuɓewa, a ɗanwake, a ƙullun waina, a tuwon dawa. An rufe ƙofa ke nan an bar taga.

Ɓarnarta ta biyu ita ce kashe amfanin abinci. In kin sa kanwa a ganye yakan yi kore shar, ya yi laushi da wuri, ido ya ji daɗi. Amma bitamin C da ke cikin ganyen ba ya jure kanwa, haka nan bitamin B1 da ke cikin wake da hatsi. Kin sayi alayyahu da kuɗinki, kin wanke, kin yanka, kin kuma kashe rabin abin da kika saye shi dominsa.

Me zai maye gurbinta? Wake dai jiƙo yake so. Ki jiƙa shi tun dare, da safe ki zubar da ruwan, ki ɗora da sabon ruwa. Zai dahu da wuri, itace ko gas ya yi saura, kumburin ciki ma ya ragu. Kuɓewa ɗanya, in kin goga ta ko kin daka ta lukwi, kin zuba cikin ruwa mai tafasa, kin bar tukunya a buɗe kina kaɗawa, za ta yi yauƙi ba kanwa. Abin da ke tsinke ta shi ne rufewa da daɗewa a wuta. Tuwon dawa kuwa ki yi shi da ruwan tsamiya, ai da ma wasu gidajen haka suke yi. Waina tana neman kanwa ne in ƙullu ya wuce lokaci ya yi tsami, don haka ki lura da sa'ar da kika kwaɓa. Ɗanwake ne kaɗai zan ce sai da ita, shi ma rabin abin da kika saba ya isa, kuka za ta riƙe sauran.

Sai kunun jego. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura da yawan masu jego da ake kawowa da kumburin jiki da haki, zuciyarsu ta gaza 'yan makonni bayan haihuwa. Suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa, tare da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma da kwanciya kan gadon da aka hura wa wuta. Binciken da ya biyo baya ya nuna ciwon yana da wasu dalilan, yana kuma kama matan da ba su taɓa shan kunun ba. Duk da haka babu likitan da zai ce wa mai jego ta ɗura wa jikinta kanwa kwana arba'in, balle wadda jininta ya hau lokacin goyon ciki ko ƙafafunta suka kumbura. Abin da ke kawo nono shi ne yawan ba jariri mama, da cin abinci a ƙoshi, da shan ruwa. Kunun gyaɗa da kunun tsamiya za su yi wannan aiki.

Na san ba mai jego ke dama kununta ba. Inna ce, ko gwaggo, ko uwar miji, kuma ba a yi musu gardama. Kada ki ce da tsohuwa ba ta sani ba, ita da ta yi jegon goma. Ki roƙe ta ta raka ki awo, malamar asibiti ta faɗa da bakinta a gabanta. Maganar da 'ya ta faɗa a ƙi, in mai farin kaya ta faɗa sai a karɓa. In kuwa mai jego ta fara haki, ko ta kasa kwanciya sai a zaune, ko kumburi ya ƙi sauka, a kai ta asibiti ran nan, kada a jira arba'in.

MAI DA SUKARI

Zancen mai gajere ne. Mun ɗauka miyar da mai bai taso ya kwanta a kanta ba miyar rowa ce. Ki daina tsiyayawa daga kwalba, ki auna da babban cokali. Uku ko huɗu sun ishi miyar mutum shida. Kada dai ki hana gaba ɗaya yadda 'yar uwata ta yi, domin bitamin A sai da ɗan maiƙo jiki ke iya ɗaukarsa. Manja yana da abin da jiki ke juyawa ya zama wannan bitamin, mai kare yara daga dundumi, kuma jan nan nasa shi ne alamar. In kin soya shi har ya yi fari yana hayaƙi, kin ƙone amfanin. Ki narka shi kawai, ki jefa albasa. Man suya da ya yi baƙi ki rabu da shi, kada ki juye a miya don tsimi. Romon nama in ya huce kitse yakan daskare a sama, ki kwashe. Wani lokaci kuma waken da za ki yi ƙosai da shi ki yi alale, kifin da za ki soya ki yi farfesu.

Sukari kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga babba kada ya wuce wajen giram 50 a yini, watau ƙananan cokula goma sha biyu, in an tsaya a shida ya fi. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da kusan cokali tara. Ki duba abin da ake zubawa a koko, a fura, a shayi, a zoɓo, ki ga ko yaronki bai wuce na babba ba tun kafin azahar. Ƙarshensa ruɓewar haƙori da ƙiba, ƙiba kuma ita ke share wa ciwon sukari hanya. Dabarar ɗaya ce da ta gishiri, a janye rabin cokali yau, bayan mako biyu a janye wani. Zoɓo in ya ji citta da kanumfari da ɓawon abarba ba ya neman sukari da yawa. Kunun aya 'yan ƙwayoyin dabino sun ishe shi. Amma kada a ruɗe ki da cewa zuma da mazarƙwaila ba sukari ba ne. Su ma zaƙi ne, awo suke so. Jaririn da bai cika shekara ba kuwa ba a ba shi zuma ko kaɗan, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa ya kashe ba.

Ba ragi kaɗai ake yi ba, akwai ƙari. In kin surfa gero ko dawa har ya yi fari fes, dusar da kika ba akuya ta tafi da yawancin bitamin da harzar da ke sa bayan gida ya zo da sauƙi. Akuyarki ta fi ki morewa. Ki riƙa surfe sama-sama. Shinkafa kuma, wadda aka turara da ƙaiƙayinta kafin a cashe ta fi fara tas amfani. In za ki dafa gwangwani huɗu, ki sa uku shinkafa ɗaya wake, domin hatsi da wake kowanne yana cike abin da ɗan uwansa ya rasa wajen gina jiki. Garin kokon yara ki haɗa gero kashi uku, waken suya kashi ɗaya, da 'yar gyaɗa, ki soya kowanne dabam kafin a niƙa. Ki tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane ki zubar, dafinta hanta yake taɓawa kuma wuta ba ta kashe shi.

Ganye ki wanke kafin ki yanka, ki zuba shi a ƙarshe, ya yi 'yan mintoci ki sauke. Kuka da zogale a shanya su a inuwa. Kukar da kika gani kore a kasuwa ita ce ta sha inuwa, wadda ta koɗe rana ta cinye ta. Kabewa a miyar taushe kada ki yi mata rowa.

Ku kuma 'yan matanmu na makaranta, kada ku ce wannan zancen iyaye ne. Yarinyar da ta fara al'ada tana zubar da jini kowane wata, jikinta yana bukatar sinadarin ƙarfe don ya mayar. In ya yi ƙaranci sai kasala, da jiri a wajen taron safe, da karatu a manta. Ana samunsa a hanta da nama da kifi da wake da ganyaye irin su zogale da alayyahu. Shayi yana hana jiki ɗaukar na wake da ganye, lemon zaƙi da gwaiba da ɗanyen tumatir kuwa suna taimaka masa. Saboda haka ki raba shayi da abinci da kamar awa guda, kwaɗon zogale kuma ki matsa masa lemon tsami. Kuɗin tara da kike sayen lemon kwalba da alewa, wata rana ki sayi awara ko dafaffen ƙwai. In kin dafa taliyar leda ki sa rabin garin, ki yanka albasa da karas da kabeji. Ran da Inna ta ba ki girki kuwa, ke ce za ki fara sa cokali a kwanon gishiri, ba tare da kin ce mata an koya miki a makaranta ba.

'Yar uwar tawa dai ta rushe 'yar tukunyar nan. Ta sami abokiyar zamanta suka yi magana ta fahimta, tun da mijin nasu ne su biyu, suka daidaita awo ɗaya. Yana nan yana shan maganinsa, don rage gishiri taimako ne ga magani, ba ya maye gurbinsa, kuma ba a daina sha sai likita ya ce.

Ga garin da suke amfani da shi, ga mai son gwadawa. Ki sami daddawa busasshiya ƙwarai guda biyar, da busasshen kifi cike da tafin hannu biyu, ki cire ƙaya da kai, ki ɗan gasa shi a kasko ba mai har ya yi ƙamshi. Ki ƙara busasshiyar citta kamar yatsa biyu, da ƙaramin cokali na masoro, da kanumfari ƙwaya biyar, da busasshen tattasai uku. Ki daka su lukwi, ki tankaɗe, tsakin ki sake dakawa. Kada ki sa gishiri a ciki, don ki san abin da kike aunawa dabam. Babban cokali ɗaya ya ishi tukunyar mutum shida, a zuba tun ruwan miya yana tafasa. Ki ajiye shi cikin kwalba mai murfi, ki yi daidai na mako biyu saboda kifin, kuma kada a tsoma jiƙaƙƙen cokali a ciki.